Ramar Ya'u Direba

Ya'u mutumin wani ƙauye ne a gabas da Ringim, amma a Ja'en na san shi, domin ƙofar gidan da yake haya tana kallon tawa. Direban babbar mota ne a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa, inda ake yin butoci da bokitai da kujeru. Ya fara yi wa mai kamfanin tuƙi tun mutumin yana da mota guda ɗaya, ya zauna da shi har motocin suka cika fili. Idan aka tambaye shi sana'arsa ba ya cewa shi ma'aikacin kamfani ne, sai ya ce shi direba ne kawai, kamar wanda ya gama bayanin kansa gaba ɗaya.

Mahaifiyarsa ta rasu yana goye. Ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Kulu, ita ta ɗauke shi, a cikin shekarun fari, lokacin da ake auna hatsi da tafin hannu. Ta sha ba matan layinmu labarin yadda yake a lokacin: ƙaton kai, siririn wuya, haƙarƙari a fili. Takan hana kanta ta ba shi. Saboda haka da ya girma ya kama tuƙi, jiki ya fara zama masa, Gwaggo ta ɗauki kowace tsoka da ta ƙaru a jikinsa a matsayin ladan wahalarta. Idan ya je gida da salla takan sa ya zauna a tsakar gida, a kira maƙwabta su zo su gaisa, ita kuwa tana gefe tana kallon fuskokinsu.

Ƙibar direban babbar mota ba abin mamaki ba ce ga wanda ya san aikin. Mutum ne a zaune daga Kano har Anacha, ko daga Kano har Maiduguri, kuma babu abin da ke raba masa hanya sai tashoshin cin abinci. Tuwo a nan, balangu a can, shayi mai kauri da burodi, lemon kwalba don korar barci. Abokan aikinsa suka sa masa suna Tanka, yana amsawa da dariya. Da ya kai shekara arba'in da 'yan kai, nauyinsa ya haura kilo ɗari da hamsin. Ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo baya, gwiwoyi suka ƙi, ya koma yin salla a kan kujera. Abin da ya fi muni shi ne barcinsa. Matarsa Saudat ta ce yakan yi minshari, numfashin ya ɗauke cak, sai ta girgiza shi ya dawo. Wanda bai yi barcin kirki a gado ba kuwa, barcin zai same shi a wani wurin.

A Dakata ya same shi, da hantsi, a cikin cunkoson motoci. Ya sauke kaya a wani sito, yana jiran hanya ta buɗe, gyangyaɗi ya ɗauke shi, ƙafarsa ta zame daga birki, motar ta gangara ta rushe katangar sito. Allah ya kiyaye, ba kowa a jikin katangar. A ranar shugaban direbobi ya karɓi makulli daga hannunsa.

Ya'u bai iya wani aiki ba. Bai yi boko mai nisa ba, bai san ciniki ba, gonar gado kuma 'yan'uwa ke nomawa. Makullin nan shi ne abincinsa, shi ne kuma mutuncinsa. Mai kamfanin bai manta da tsohuwar zama ba. Yana shirin tafiya Masar a duba masa ido, sai ya tafi da Ya'u, aka yi masa tiyatar da ake rage girman tumbi domin mutum ya riƙa ƙoshi da abinci kaɗan. Ya kuma yi masa alkawari a gaban shugaban direbobi cewa ranar da ƙibar ta sauka, barcin rana ya bar shi, likitan kamfani ya amince, makullinsa yana nan yana jiransa.

Bayanin da likitan Masar ya yi masa ta bakin tafinta, Ya'u ya riƙe shi kamar karatun allo, kuma daga baya ya maimaita mini shi fiye da sau ɗaya, bai taɓa sauya shi ba. Likitan ya kasa nauyinsa gida biyu: wanda ya dace jikinsa ya ɗauka, da rarar da ta hau kai. Ya ce rarar ce za ta tafi, amma ba tafiya iri ɗaya za ta yi ba. A watannin farko za ta zube da sauri har abin ya ba shi tsoro. Zuwa wata uku kusan sulusinta zai tafi, zuwa wata shida kusan rabi. Daga nan tafiyar za ta lafa, ta riƙa sauka a hankali, har ta tsaya tsakanin shekara guda da shekara ɗaya da rabi, kuma ba lalle ne rarar ta ƙare duka ba. Ya ce gashi zai zube na ɗan lokaci, fata za ta saki. Ya ce kada ya haɗiyi wata ƙwaya ban da waɗanda aka ba shi, ko da ta ciwon kai ce, sai ya tambayi likita. Sannan ya ƙara da wata magana: a tsakiyar tafiyar sikeli zai riƙa tsayawa wuri ɗaya na wasu makonni, kada hankalinsa ya tashi, jiki ne yake hutawa, zai ci gaba da kansa.

Da ya dawo, bai gaya wa mutane abin da aka yi masa ba. Kunya ta hana shi. Yana ganin idan aka ji an yanke wa namiji ciki saboda ci, har jikokinsa sai an yi musu gori. Sai ya ce gwiwa aka duba masa. Ban da mai kamfanin da shugaban direbobi, mutum biyu kawai suka san gaskiya: Saudat, da abokin aikinsa Haruna, wani direba Kirista mutumin Zonkwa, wanda suka shekara goma sha suna bin hanya ɗaya. Ni kaina sai bayan abin da ya faru ya faru na ji.

Ramar ta zo kamar yadda aka faɗa. Kamfani ya ajiye shi a wurin lodi yana lura da masu dako, kuma a nan akwai sikelin da ake auna buhunan ɗanyen roba. Duk ranar Litinin, kafin a fara aiki, yakan cire takalmi ya hau, Haruna yana duba masa allura.

"Tanka, wa ya sauke maka lodi ba ka sani ba?" in ji Haruna. "Yau kai da a-kori-kura duk ɗaya."

"Ka dai tsaya ka gani. Sai na koma adaidaita sahu na riƙa ratsa ku a hanya."

"To ka riƙe wandon nan da kyau, akwai mata a wurin nan."

Cikin wata uku ya zubar da abin da ya fi rabin buhun siminti. Ya bar kujera ya koma sujada da goshinsa. Sugan ya sauka. Saudat ta ce minsharin ya ragu, har wani lokaci takan kasa kunne ta tabbatar yana numfashi. Shi kam murna yake yi.

Unguwa kuwa wani abu dabam ta gani. A duba abin da idon wanda ba a yi wa bayani ba: direban doguwar hanya, mai kwana a tashoshi, an fita da shi waje neman magani, ya dawo yana zubewa kamar kankara a rana, gashin kansa yana bin mataji, fatar damtsensa tana reto, idan an sa masa abinci ya yi loma uku ya ture. Ba wanda ya furta kalmar a gabansa, amma kowa ya furta ta a bayansa. Kanjamau. Mai shayin bakin layi ya ware masa kofi. Wanzami ya fara cewa askarsa ba ta da kaifi. Saudat tana soya awara a ƙofar gida, yara su yi layi. Sai layin ya ragu, ya ragu, har ta daina jiƙa waken. A gidan suna, matar da ke kusa da ita ta janye ɗanta daga kan tabarmar.

Ta roƙe shi ya faɗi gaskiya. Ya ce ta yi haƙuri, 'yan watanni ne, ranar da aka gan shi a kan mota bakin kowa zai mutu.

Maganar ta kai har ƙauye. Gwaggo Kulu ta iso da la'asar, da ƙullin kayanta da jarkar man shanu. Ya fito tarbarta da fara'a, ita kuwa ta tsaya a soro ta ƙare masa kallo, ƙullin ya faɗi daga kanta.

"Innalillahi. Ɗan nan, wa ya yi maka haka?"

"Gwaggo, ku shigo ku huta. Lafiya ce, ba ciwo ba ne."

Ya zaunar da ita, ya yi mata bayanin komai, har ya ɗaga riga ya nuna mata ƙananan tabon da ke cikinsa. Ta saurara har ya gama.

"Wato da ƙafarka ka je aka yanke maka hanji?"

"Tumbi ne, Gwaggo. Ragewa aka yi."

"Wane irin likita ne zai karɓi mutum da jikinsa, cikakke, ya mayar da shi haka, ya ce ya warkar da shi? Ka san abin da ake faɗi a kanka? A gaban idona matar liman ta yi mini jaje. Ni na san yadda na same ka, ni na san abin da na ci kafin ka zama mutum."

"Zai tsaya da kansa, Gwaggo. Likita ya ce..."

"Ai na ga yadda yake tsayawa."

Daga ranar ta karɓi damun kununsa daga hannun Saudat. Babu mai hana ta. Wanda ya raine ka idan ya miƙo maka kofi da hannunsa ba ka cewa ka ƙoshi, kuma matar ɗa ba ta leƙa tukunyar surukarta. Ya'u ya roƙe ta ta rage suga, ta ce ta ji, ta mayar da zuma. Tumbin da aka rage ba ya karɓar tuwo da yawa, amma abin sha mai zaƙi yana wucewa ba tare da ya tsaya ba, kuma Gwaggo ta gane haka tun a makon farko.

Da abin ya tsaya a kunun gyaɗa da zuma, da ɓarnar tana da iyaka. Amma wata maƙwabciya, cikin tausayi, ta gaya wa Gwaggo akwai ƙwayar da 'yan mata ke sha idan biki ya matso domin su ciko, wadda ake kira sha-ka-fashe, kuma ba sai an je asibiti ba, masu tallan magani a faranti suna sayar da ita a bakin kamfanoni lokacin tashi daga aiki. Gwaggo ta aika aka sayo. Ta riƙa murƙushe ƙwayoyin da bayan cokali tana zubawa a kunu safe da yamma, ba biyu ba, ba uku ba, domin a ganinta namiji mai girman Ya'u ba zai ji abin da ake ba yarinya ba.

Saudat ta taɓa shiga ɗakin girki ta tarar da ita tana murƙushewa. Ta tambaya, Gwaggo ta ce maganin ƙarfin jiki ne. Saudat ta san an hana mijinta kowace ƙwaya. Ta tsaya da maganar a bakinta, ta tuna tabarmar gidan suna, ta juya ta fita.

Cikin ɗan lokaci yunwa ta dawo wa Ya'u, irin wadda bai ji ba tun kafin tiyata. Yana ci kaɗan-kaɗan amma bakinsa ba ya hutawa. Kumatunsa suka fara cikowa. A wata na biyar allurar sikeli ta tsaya.

"Yau ma allurar tana nan inda take," in ji Haruna.

"Ai an gaya mini. Jiki ne yake hutawa."

Wannan ita ce maganar da ta cuce shi, kuma magana ce ta gaskiya. An ce masa sikeli zai tsaya, ga shi ya tsaya, saboda haka bai ga abin tambaya ba. Likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, a nan kuma ba a haɗa shi da wani wanda zai riƙa duba shi ba. Makonni suka zama wata, wata ya zama uku, allurar ma ta fara komawa sama.

Haruna ne kaɗai abin bai kwanta masa ba. Wata Litinin ya ƙi duba sikelin, ya tsaya yana duban mutumin.

"Ya'u, makonni aka ce maka ko watanni? Dubi fuskarka kamar an hura balan-balan, ga ƙafafu kamar sandar rake. Ni ban taɓa ganin ƙiba ta zaɓi wuri ba. Mu je asibiti."

"In je su rubuta wani abu, likitan kamfani ya gani, a ƙara mini shekara? Bari kawai."

"Gara shekara da kabari, mutumina."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Duba mini allura."

A unguwa kuwa sai barka. Mai shayi ya mayar da kofin cikin sauran. Mutane suna tare shi a ƙofar masallaci suna cewa jiki ya yi kyau, Allah ya ƙara sauƙi. Yara suka dawo layin awara. Gwaggo ta riƙa zama a ƙofar gida da yamma tana amsa gaisuwa. Shi kuma cikinsa yana zafi kamar an zuba barkono, bayan gidansa ya koma baƙi, ƙishirwa ta dawo, ƙugunsa na hagu yana sara idan ya miƙe. Bai gaya wa kowa ba. Idan ya dafe ciki, Gwaggo ta jiƙa masa kanwa.

A wurin lodi ya faɗi, da safe, ana cikin ɗora kujeru a mota. Ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, sai jini ya ɓalle ta bakinsa. Haruna da masu dako suka cusa shi a adaidaita sahu. A asibiti aka nemi jini, Haruna ya nannaɗe hannun riga ya bayar, ya koma kamfani ya kwaso wasu direbobin.

Likitar da ta karɓe shi ta ga tabon cikinsa, ta ga fuskarsa, ta fito ta sami iyalinsa a baranda.

"Wace ce matarsa? Baiwar Allah, me mijinki yake sha?"

"Magungunan da aka ba shi a Masar ne."

"Ban da su. Fuskar nan ba ƙiba ba ce, kumburi ne, kuma na san abin da ke kawo irinsa. An sami gyambo a tumbinsa ya fashe. Idan ba ku gaya mini ba, zan yi ta lalube ne, shi kuma ba shi da lokacin."

Saudat ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi bango. Sai Saudat ta fashe da kuka ta faɗi abin da ta gani a ɗakin girki. Aka koma gida aka ɗauko ragowar ƙwayoyin a cikin kayan Gwaggo. Likitar ta juya su a tafin hannunta, ta tambayi tun yaushe, da guda nawa a rana. Da ta ji amsa ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa Gwaggo, "Iya, kun kusa kashe shi," ta koma ciki.

Ya'u ya rayu. An tsayar da jinin, aka riƙa janye masa ƙwayar a hankali, domin likitar ta ce wanda ya daɗe yana shan irinta ba a yanke masa ita rana ɗaya. Da ya farfaɗo aka gaya masa abin da ake zuba masa a kunu. Gwaggo ta shigo ta zauna a bakin gado.

"Da in zuba ido suna kiranka da wannan suna?" ta ce. "Ai kowa ya ga ka murmure."

"Na ji, Gwaggo."

"Ban yi don in cuce ka ba."

"Na sani. Ku je ku ci abinci, tun safe kuke nan."

Bai ƙara mata ko kalma ɗaya a kan maganar ba, a ranar ko bayanta. Da aka sallame shi ta koma ƙauye.

Kumburin ya sace, ramar ta ci gaba, amma ba ta koma kan tafiyarta ta farko ba, kuma sugan da ya tafi ya dawo ya zauna. Ciwon ƙugu ne ya ƙi tafiya. Aka ɗauki hoto, aka ce masa kan ƙashin cinyarsa na hagu ya mutu saboda jini ya daina isa gare shi, kuma ƙwayar nan tana yin haka ga wasu. Ya fara dogara sanda.

Duk da haka, da shekara ta zagayo ya je ya tuna wa shugaban direbobi alkawari. Barcin rana ya bar shi, wannan gaskiya ne, kuma nauyinsa ya sauka sosai. Shugaban ya rasa yadda zai ce masa a'a, sai ya ce a fito da mota fili ya gwada. Haruna ya tallafa masa ya hau. Ya zauna, ya gyara madubi, ya kama sitiyari, ya tayar da injin. Ƙafar hagu ita ce ta kuloci, kuma kulocin babbar mota ba ya sauka sai an danna shi da ƙarfin ƙugu. Ya danna, ya kai rabi, ƙafar ta kama rawa. Ya sake dannawa, gumi ya keto masa. A karo na uku ya yi ƙara, ya saki, motar ta zabura ta mutu. Ya zare makullin da kansa, ya miƙo wa shugaban ta taga, ya ce wa Haruna ya zo ya sauke shi.

Yanzu yana ƙofar kamfanin, a kan benci, shi ke ɗaga sandar ƙarfe idan mota za ta shiga ko za ta fita. Mai kamfanin ya ce a bar shi a nan muddin yana so. Ana maganar wata tiyatar da za a sauya masa ƙashin ƙugu, amma likita ya gaya masa ko an yi, kada ya sa rai da babbar mota. Tsakaninsa da Saudat babu faɗa, sai dai shi yake dama kununsa.

Gwaggo Kulu ta tsufa ƙwarai, ba ta iya tafiya Kano. Ranar Juma'a akan kira mata Saudat a waya. Bayan gaisuwa takan yi ƙasa da murya ta tambaya ko ɗan nan ya ɗan ciko. Saudat takan ce mata e, ya ciko.